KURAME DA KURAME MAKAFI: MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA KE YOYO

An shirya wannan darasi don masu gida da uwayen gida, da masu unguwa da dagatai, da ma'aikatan asibitin ƙauye. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba. In akwai kurma a wurin, a sa wani ya riƙa bayyana masa da hannu, gama maganar tasa ce.

1. SU WANE NE?

Da wuya a sami gari wanda babu kurma ko ɗaya a cikinsa. Wanda ba ya ji, ko kuwa ba ya ji sosai, shi ake kira kurma. Wanda aka haifa ba ya ji, ko ya kurumce tun bai fara magana ba, mutane kan ce masa bebe. Galibi harshensa da maƙogwaronsa lafiyarsu lau. Abin da ya hana shi magana shi ne bai taɓa jin ta ba balle ya kwaikwaya. Hankalinsa kuwa daidai yake da na kowa.

Akwai kuma waɗanda rashin ji da rashin gani suka haɗu musu. Su ne kurame makafi. Ba dukansu ne suka rasa ji da gani ƙaf ba. Wani yana ɗan ganin haske, wani yana ɗan jin ƙara mai ƙarfi. Ƙungiyarsu ta duniya ta kimanta a 2018 cewa cikin kowane mutum 1,000 akwai kamar 2 waɗanda abin ya tsananta musu. Watau a gari mai mutum 5,000 ana iya samun wajen 10. Abin da ya sa ba ku ganinsu shi ne yawancinsu suna can ƙuryar ɗaki.

2. ME KE KAWO KURUMTA?

Waɗansu da ita aka haife su. Waɗansu kuwa ciwo ne ya kawo musu. Manyan cututtukan da ke yin wannan ɓarna su ne sanƙarau, da ƙyanda, da hangum, da ciwon kunne mai mugunya in an bar shi ya daɗe, da shawara mai tsanani ga jariri. Akwai kuma wata cuta mai kama da ƙyanda, likitoci suna ce mata rubela. In ta kama mace a farkon ciki, takan taɓa kunne da idon jaririn gaba ɗaya. Har yau akwai alluran da kan kashe kunne in an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka kada ku yarda mai tallan magani ya yi wa yaronku allura.

Manya ba su manta da sanƙarau na 1996 ba. A shekaran nan fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, cikin waɗanda suka tashi kuwa da dama sun tashi ba sa ji. An fara wata sabuwar allurar rigakafin sanƙarau a Nijar a 2010, a Nijeriya kuwa a 2011. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana aukuwarta. To, ku kai yara rigakafi. Kada ku sosa kunne da tsinke ko gashin kaza, kada kuma ku ɗiga masa abin da likita bai ba ku ba.

Abin lura: akwai wata lalura ta gado wadda likitoci ke kira da sunan Usher. Akan haifi yaro kurma, idonsa garau. In ya fara girma sai dundumi ya kama shi, ya riƙa tuntuɓe da magariba. Sannu sannu ganinsa na gefe ya ragu, har ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. In kun ga haka ga yaro kurma, kada ku ce sakarci ne. Ku kai shi asibitin ido. Idon kurma shi ne kunnensa, saboda haka kowane ciwon ido, ko amosani ko yana, a yi hanzarin kai shi.

3. KURAKURAI BIYU

Sa'ad da kurumta ta riga ta auku, mutane kan yi ɗayan kurakurai biyu. Na farko shi ne a yi watsi da mutum. A ɓoye shi, ko a tura shi bara, ko a bar yara suna tsokanarsa. Kowa ya san wannan mugun abu ne.

Na biyu kuwa ya fi wuyar ganewa, gama kama yake da alheri. Shi ne a yi wa mutum kome, a yanke masa kome, ba a tambaye shi ba. A sayar da akuyarsa a riƙe masa kuɗin. A kai shi asibiti, wansa ya yi duk bayanin, a ba shi ƙwayoyi bai san na mene ne ba. A ɗaura wa yarinya aure ba a nuna mata mijin ba. In wani taimako ya zo garin da sunan kurame, masu ji su taru su raba shi yadda suka ga dama. Mutumin da aka riƙe haka, ko ya shekara 40, yaro aka mai da shi. Ran da mai riƙonsa ya rasu kuwa, sai ya rasa inda zai sa kansa.

Maganin wannan shi ne abin da za mu kira zaman kai. Zaman kai ba ya nufin mutum ya zauna shi kaɗai, ko ya yi kome da hannunsa. Ai ko sarki ba shi ke ɗaura wa dokinsa sirdi ba, amma shi ke faɗin inda za a dosa. Haka kurma ko kurma makaho. A taimake shi iyakar bukatarsa, amma shi zai zaɓi mai taimakonsa, shi zai faɗi irin taimakon da yake so.

Abin da ke gaskiya ga mutum ɗaya gaskiya ne ga jama'a. Duk aikin da aka kafa don kurame, su ya kamata su shugabance shi. Ga misalai daga inda aka gwada.

4. INDA AKA GWADA

Na farko labarin wani baƙin Ba'amurke ne, Andrew Foster. An haife shi a 1925, sanƙarau ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. Ya yi karatu a Gallaudet, babbar makarantar kurame ta birnin Washinton, ya gama a 1954. A 1957 ya buɗe makarantar kurame a Akra ta ƙasar Gana, a 1960 ya buɗe wata a Ibadan. Kafin ya rasu a 1987 ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashen Afirka 13. Dabararsa ita ce ya koyar da kurame, su kuma su zama malaman 'yan uwansu. Iyayen da suka ga kurma yana koyarwa, ba sai an yi musu dogon bayani cewa ɗansu zai iya karatu ba.

Na biyu daga jihar Kalifoniya ne. A 1972 waɗansu naƙasassu a garin Berkeley suka buɗe gidan taimakon kansu da kansu. Babbansu shi ne Ed Roberts, wanda shan inna ya kwantar tun yana yaro. Irin waɗannan gidaje suka bazu cikin Amurka. Dokar ƙasar ta sharɗanta cewa gidan da ke son kuɗin gwamnati don wannan aiki, tilas fiye da rabin 'yan majalisarsa su zama naƙasassu. Ku riƙe wannan ƙa'ida ta fiye da rabi, za mu komo kanta.

Na uku shi ya fi ban mamaki. A birnin Siyatil na Amurka akwai kurame makafi da yawa, akwai kuma ofishin da ke yi musu hidima. Shekara da shekaru, in za su yi taro, sai kowane ɗaya ya zo da tafintansa mai gani, ya dafa hannunsa, tafintan ya riƙa gaya masa abin da ake yi. In an rasa tafintoci sai a fasa taron. Ga su kusa da juna, amma kowa sai ta bakin wani.

A 2005 aka naɗa wata kurma makauniya, Jelica Nuccio, shugabar ofishin. Ita ce ta farko a cikinsu da ta riƙe wannan matsayi. Wajen 2007 ita da abokan aikinta suka fara yin taronsu ba tafinta, suna magana da juna kai tsaye ta hanyar taɓi. Nan suka gano dabarun da masu gani ba su taɓa tunaninsu ba. Mai gani in ana yi masa magana yakan gyaɗa kai, ko ya yi murmushi, mai maganar ya san ana biye da shi. Makaho ba ya ganin wannan. Sai suka shiga zama gwiwa da gwiwa, mai sauraro ya ɗora hannu a kan gwiwar mai magana ko damtsensa, yana ɗan bubbugawa, watau "ina ji, ci gaba." Suka sami yadda za a nuna dariya da ƙin yarda da mamaki duk da taɓi, da yadda mutum uku za su yi hira lokaci guda. Abin ya bunƙasa har masana harshe suka ɗauke shi sabon harshe, ana ce masa Protactile. Tafintocin da ba mugaye ba ne, sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Amma mai ɗaki shi ya san inda ke yi masa yoyo.

Mu ma wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun kaka da kakanni akwai sarkin makafi da sarkin guragu a garuruwan Hausa, a Kano kuwa har da sarkin bebaye. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wanda ba wani malami ya ƙaga musu ba. Manya ke koya wa ƙanana a wuraren hirarsu. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano, a 2000 ta fitar da littafi wanda ya nuna harshe ne cikakke mai ƙa'idodinsa. Alamun da ake koyarwa a makarantun kurame, kamar ta Tudun Maliki wadda aka buɗe a Kano a 1977, sun ɗan bambanta da nasa, gama da yawansu daga Amurka asalinsu yake. Duka biyu suna da amfani, kada a raina ko ɗaya. Tushen shugabanci yana nan. Abin da ya rage shi ne a ɗora masa aikin lafiya da na sana'a.

5. YADDA ZA A KAFA ƘUNGIYA A ƘAUYE

Ba a bukatar gini ko kuɗi mai yawa. Ga matakan:

(a) Mai unguwa ya nemi kurame manya biyu ko uku, mace da namiji, ya bayyana musu nufin. Su za su gayyato sauran, gama sun fi kowa sanin inda 'yan uwansu suke. In ƙauyen ƙarami ne, a haɗa ƙauyuka uku ko huɗu masu cin kasuwa ɗaya.

(b) A zaɓi 'yan kwamiti kamar 7. Aƙalla 4 su zama kurame ko kurame makafi. Shugaba da ma'aji su fito daga cikinsu. In ba wanda ya iya rubutu, a ɗauki magatakarda mai ji, amma rubutu kaɗai ne aikinsa.

(c) Lalle a sa mata. Akwai maganganun ciki da haihuwa waɗanda mace ba za ta faɗa gaban maza ba. In al'adar garin ta fi son haka, mata su yi nasu zama, su aiko da wakiliya.

(d) Lalle a ba kurma makaho kujera. Kurame masu gani su ma suna iya mantawa da shi, kamar yadda masu ji ke mantawa da su.

(e) A yi taro da rana, a inuwa mai haske, a zauna da'ira don kowa ya ga hannun kowa. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. A dakata har an gama isar wa kurma makaho kafin a wuce gaba.

(f) Iyaye da dagaci da ma'aikacin asibiti su ba da shawara in an nema. Yanke magana kuwa na kwamiti ne. In sun yi kuskure, ku bar su su gyara. Wace ƙungiya ce ta masu ji ba ta taɓa kuskure ba?

6. AYYUKAN ƘUNGIYA

Na ɗaya, ƙidaya. A san kowane kurma da kurma makaho na yankin, yaro da babba, da abin da kowa ke bukata. A tambayi mutumin da kansa.

Na biyu, isar da shela. In mai shela ya zaga da lasifika yana cewa gobe akwai rigakafi, ko kada a sha ruwan rijiya kaza don amai da gudawa sun ɓulla, kurma bai ji ba. Rediyo ma ba ta isa gare shi. A sa mutum ɗaya a kowace unguwa wanda zai bi gida gida ya faɗa da hannu ran nan.

Na uku, tafinta a asibiti. Ƙungiya ta ware mutane masu amana, maza da mata, waɗanda suka iya maganar hannu. Majinyaci shi zai zaɓi wanda zai raka shi. Sharuɗɗan tafinta uku ne: ya faɗi duk abin da aka ce, kada ya ƙara nasa, kada ya fitar da asirin da ya ji. Ma'aikacin asibiti ya fuskanci majinyacin, da shi zai yi magana. In ya ba da magani, ya zana rana da wata a jikin takardar don nuna safe da dare, sa'an nan ya sa majinyacin ya maimaita masa da hannu. Ku sani wannan haƙƙi ne. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta umurci asibitocin gwamnati su tanadi hanyar magana da irin waɗannan majinyata.

Na huɗu, ziyarar iyayen yara kurame. Yawancin yara kurame iyayensu masu ji ne, ba su san ta inda za su fara ba. Ƙwaƙwalwar yaro kuwa a shekarun farko ta fi ɗaukar harshe, kowane iri ne. In aka zauna jiran ya yi magana har ya shekara 7, an yi masa asarar da ke da wuyar mayarwa. Kurma babba ya riƙa zuwa gidan mako mako yana koya wa yaron da uwarsa da 'yan uwansa. Maganar hannu ba ta hana yaro koyon maganar baki in yana da sauran ji. Sa'ad da ya isa, a sa shi makaranta.

Na biyar, sana'a da adashi. Kurame suna noma, da ɗinki, da kafinta, da gini, da gyaran babur. Kurma makaho yana iya tufka igiya, da saƙar tabarma da faifai, da ɓarar gyaɗa, da kiwon kaji. Wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba. Kuɗin kowa a hannunsa.

Na shida, 'yan rakiya. A tsara waɗanda za su riƙa raka kurma makaho kasuwa ko suna ko gaisuwa, bi da bi, don kada nauyin ya faɗa kan yaro ɗaya har ya rasa makaranta. Aikin ɗan rakiya shi ne ya gaya masa abin da ke wurin, wa ya zo, nawa ake sayar da kaza. Mai tafiyar shi zai zaɓi abin da zai saya.

7. ƘA'IDODIN CIKIN GIDA

Game da kurma:

1. Ku ɗaga masa hannu ko ku dafa kafaɗarsa kafin ku fara. Kada ku jefe shi da tsakuwa.
2. Ku fuskance shi, haske yana kan fuskarku. Kada ku yi ihu, kada ku rufe baki.
3. In ana hira ana dariya, ku gaya masa abin da aka ce. Kada ku ce masa "ba kome."
4. Masu babur da mota su tuna ba kowa ke jin oda ba.

Game da kurma makaho:

1. Ku taɓa bayan hannunsa a hankali, ku jira ya amsa. Kada ku fizge shi.
2. Kowa a gidan ya kasance da alamarsa, kamar zobe ko awarwaro ko tabo, wadda zai shafa ya gane shi.
3. Ku sa hannunsa bisa naku sa'ad da kuke yin alama. Wanda ya yi karatu kafin idonsa ya tafi, ana iya rubuta masa manyan baƙaƙe da yatsa a tafin hannu.
4. In za ku tashi, ku gaya masa. Kada ku bar shi tsaye a fili ba abin dafawa.
5. Kada ku sauya wa kayansa wuri. A ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa bayan gida da wurin randa. A rufe rijiya, a kange murhu.
6. Wajen tafiya, shi zai riƙe ku a saman gwiwar hannu, ku kuna ɗan gaba da shi. Ku dakata kaɗan kafin tudu ko kwari.
7. Ku shirya alamar hatsari tun da wuri. A ƙasashe da dama akan zana masa babban gicciye da yatsa a baya, watau "taso mu fita yanzu, bayani daga baya." A kuma san wanda zai tashe shi in gobara ko ambaliya ta auku da dare.

In kun rasa yadda za ku yi wani abu, ku tambaye shi. Shi ne malaminku a wannan fage.

8. TAMBAYOYI

A tattauna waɗannan bayan an gama karatu:

1. Kurame nawa ne a unguwarku? Akwai wanda idonsa ma ya fara rauni?
2. Faɗi cututtuka uku masu kawo kurumta waɗanda rigakafi ke hanawa.
3. Mene ne zaman kai? Me ya bambanta shi da zaman kaɗaici?
4. Me ya sauya a Siyatil bayan kurame makafi sun karɓi shugabancin ofishinsu?
5. In 'yan kwamiti 7 ne, nawa ya kamata su zama kurame?
6. Shelar lafiya ta ƙarshe da aka yi a garinku, wa ya isar wa kurame da ita?

In babu amsar tambaya ta 6, to, daga nan za ku fara. Mai gida ya je wurin mai unguwa cikin wannan mako, su nemi kuramen garin, su tambaye su ranar da suke so a yi zaman farko.